Harafi Mai Ƙugiya

Ranar Talata aka kawo su cikin kwali,
goma sha ɗaya, kowanne da rigar roba shuɗiya.
Yarana hamsin da takwas ne.
Na yi lissafi a tafin hannu, bai fita ba,
sai na ce biyar-biyar, ragowar ku matso.

Nan Rigasa ce, aji ɗaya, ɗakin ƙarshe,
inda taga ke rawa in jirgin Abuja ya yi kuka.
Shekara goma sha tara ina shan alli
har farcena ya manta launinsa.
Yau an miƙo mini allo mai haske,
an ce, Malama Kuluwa, ga mataimakiya.

Mataimakiyar tana da murya mai sanyi,
irin ta wadda ba ta taɓa ciniki a Kasuwar Bacci ba.
Ta nuna ɓera, ta ce bera.
Ta nuna ɗinki, ta ce dinki.
Ta nuna jirgin ƙasa, ta ce jirgin kasa.
Aji ya fashe.
Shamwilu ya faɗo daga benci yana riƙe ciki:
Malama, ta kasa ƙasa!

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
In wanda aka kawo ya gaje ka ya yi tuntuɓe,
zuciya ba ta zuwa jaje.

Amma ido ba ya rufa wa mai shi asiri.
Istifanus, da benci ke yi wa ƙaiƙayi,
ya bi wutsiyar ja da yatsa sau tara.
Ba ta gaji ba, ba ta ɗaga murya ba,
ba ta saci kallon agogo irin nawa ba.
A na goma ta ba shi tauraro.
Ya juyo yana neman wani a fuskata,
ni kuwa ina raba faɗa a layin baya.

Sai Tabawa.
Tun farkon zango ban san muryarta ba,
ko sunanta na kira, hannu ke amsawa.
Da aka fita tara, kowa ya bi mai awara,
na dawo ɗaukar jakata, na tsaya a ƙofa.
Ta danne jan maɓallin da ke ɗaukar magana,
bakinta dab da gilashi,
tana lallashi kamar mai ba ƙanwa magani:
Ba kasa ba. Ƙasa.
Daga can maƙogwaro. Sake faɗa.
Allon ya dawo mata da muryarta.
Ta zabura, ta waiga,
ta nemi yarinyar da ta yi magana.

Sha ɗaya da rabi hadari ya haɗo daga gabas.
Farantin da ke kan kwano ya rasa ranar da zai sha,
alluna suka yi ta rufe ido ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗauko guntun alli, na zana akuya.
Barmani ta taso, ta ɗora yatsu biyu a baƙin allo,
tana buɗe su, tana buɗe su,
wai akuyar ta ƙara girma.
Na goge, na zana babba. Ta gamsu.

Sannan na ja sanda, na yi mata ƙafafu,
na lanƙwasa mata kai.
Wane harafi ne wannan?
Ruwa ya sauko, kwano ya cika da ganga,
duk da haka na ji ta, daga benci na huɗu,
ƙa ɗaya, siririya, ba hannu a sama.

Da yamma na kai su ofishin hedimasta,
na ƙirga sha ɗaya, na sa hannu a littafi.
Ɗaya na da shatin leɓe da man ƙuli-ƙuli.
Na ɗaga gefen mayafina zan goge,
sai na mayar da shi kwali haka nan.